Daren da laftof ɗin sakatarenmu ta ƙi tashi

Sakataren ƙungiyarmu da kansa ya ce in rubuta wannan abun, da sharaɗin kar in kama sunansa ko na kamfanin da yake aiki, to nima dama ba zan kama ba, har asibitin da shagon da aka sayi na'urar duk na bar su. Ni ne ma'ajin ƙungiyar, wato mai riƙe asusun da kusan kullum ba ko sisi a ciki, kuma gara in faɗa tun yanzu, ina cikin masu laifi a labarin nan.

Ƙungiyar tamu ta masu ba da jini kyauta ce, 'yar ƙarama a nan cikin Kano, ba ofis ba albashi, guruf ne na WhatsApp sai taro sau ɗaya a wata a barandar wata Islamiyya bayan la'asar. Duk wanda ya taɓa jinyar wani ya san yadda ake yi, likita ya ce sai an ƙara jini, lab su ce ku kawo mutum, dangi su yi ta buga waya, in ba a dace ba ga masu shawagi nan a bakin ƙofa suna jiran a yi ciniki da su. Masu sikila, mata masu haihuwa da waɗanda suka yi hatsari, su suka fi neman mu. Mu kuwa duk jarinmu abu huɗu ne, mun san wa ke da wane rukunin jini, ina yake zaune, lambar wayarsa, sai kuma yaushe rabonsa da bayarwa. Na ƙarshen nan ba wasa ba ne, don leda ɗaya wajen mililita 450 ce ake ɗiba a jikin mutum, namiji sai ya huta wata 3, mace wata 4, kafin a sake kiransu. To duk wannan bayanin yana cikin fayil ɗaya na Excel, fayil ɗin yana cikin laftof ɗaya, laftof ɗin kuma ta mutum ɗaya ce.

Shi mutumin yaro ne matashi, ƙanin abokina ne, Yaya yake ce min. Yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, kan injin da ke fitar da bokitai da butoci, kuma aikin na karɓa-karɓa ne sati-sati, wannan satin yana monin daga 6 na safe zuwa 2, sati na gaba aftanun daga 2 zuwa 10 na dare, na gaba kuma nait daga 10 har 6 na asuba, sai a sake juyowa. Ba a shiga wajen inji da waya, a loka ake barinta. Wanda bai taɓa aikin dare ba gani yake ai shi kenan in ka dawo sai ka kwanta ka rama, to wallahi baccin rana ba ya biyan bashin na dare, musamman a gidan yawa, yara na shirin makaranta, injin markaɗen maƙwabta ya tashi, almajiri na bara a soro, rana ta ɗaga kwano ya ɗau zafi, kafin ka nutsa an kira azahar. Awa huɗu in ya samu ya gode Allah. Kuma jikin bai gama sabawa da wani lokaci ba an sake canza masa, shi ya sa ranar Litinin ɗin da ya koma monin bayan satin nait za ka ganshi sai kace wanda ya tashi daga zazzaɓi.

Yadda aka yi ya zama sakatare ma ba zaɓe aka yi ba. Da can wata Anti ce, nas, take rubuta sunaye a littafi mai bangon kwali, da sunayen suka yi yawa kuma aka canza mata wajen aiki sai aka duba cikinmu wa ke da kwamfuta, aka ga shi, shi kenan aka ce Allah ya taya riƙo. Ba wanda ya tambaye shi yaushe yake bacci, ba wanda ya tambayi lafiyar kwamfutar.

Ita laftof ɗin da kuɗin adashinsa ya saye ta, tun kafin a cire tallafin mai, irin waɗanda ake ce wa Landan yus, wato ta gama aiki a wani ofis can ƙasar waje an tattaro ta an kawo mana. Core i5 ce ƙarni na 6, masu irin wannan ƙwaƙwalwar tun wajen 2015 da 2016 aka fara fitar da su, RAM giga 4, had dis, wato ma'ajiyar fayiloli, giga 500 irin mai faifai yana juyawa a ciki. An goge ta tas tana ƙyalli, mai shago ya ce batir na awa biyu zuwa uku, garanti sati biyu. Ni ban ga laifin sayen tsohuwa ba, da babu gara ba daɗi, kuma wasu tsofaffin na ofis sun fi wasu sababbin araha ƙarko, amma akwai abubuwa a ciki da shekaru ke cinye su ko an yi amfani da su ko ba a yi ba, kuma su ɗin goge jiki da mai ba ya gyara su.

Batir ya fara. Awa biyun nan bai taɓa ganinta ba, minti hamsin ne, ya koma talatin. Batirin litiyam ba abin da ya tsana irin zafi, Kano kuma a watan Afrilu tana haura digiri 40, ga shi kullum a kan katifa yake aiki don ba teburi a ɗakin, ramukan shan iskan da ke ƙasa duk sun toshe, ƙurar hunturu ta riga ta daskare a fanka tana ƙara sai kace ƙaramin janareta. In ta yi zafi da yawa sai ta kashe kanta, wanda kuma haka aka ƙera ta, kare kanta take kar ta ƙone, amma shi mai aiki da ya shigar da suna ashirin bai adana ba ina ruwansa da hikimar maƙera. Can wata rana ya ga wajen da ake goga yatsa ya ɗago sama, ashe batirin ne ya kumbura yana turo shi daga ciki. Mai gyara ya ce wannan hatsari ne yana iya kama wuta, a cire, sabo kuma kuɗinsa kaza. Ba shi da kaza a lokacin, sai aka cire kawai, ta koma ba ta aiki sai caja na jiki, da an ɗauke wuta ɗif ta mutu a take.

Cajar ma nata labarin daban. Ta asalin ta ƙone wata rana da aka kawo wuta mai ƙarfi, ya sayi ta kasuwa mai sauƙi, bakinta bai zauna daidai ba, sai ya karkata wayar ya danne da littafi, wani lokacin ya ɗaure da roba, in ƙanwarsa ta gitta ta taɓa wayar da ƙafa shi kenan an koma farko. Na sha zuwa in same shi zaune ya ƙame kamar mai ɗaukar hoto, ya ce Yaya kar ka zauna a katifar nan don Allah za ta motsa. Dariya nake yi a lokacin.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk matsalolin shi ne na kwanan wata, don ban taɓa sanin ƙaramin abu haka zai iya kai mutum ga allura ba. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032 ake ce masa, aikinsa ya riƙe agogo yana tafiya ko na'ura na kashe. Nata ya daɗe da mutuwa ba wanda ya sani, don babban batirin na rufa masa asiri, da aka cire babban sai ya zama duk sanda wuta ta yanke agogon ya koma wata shekara can baya. In akwai intanet Windows kan gyara lokacin da kansa, to shi kuma yawanci ba data yake aikin, daga takardun da ya tara yake kwafa. Yaron yana da basira, ya shirya fayil ɗin yadda in mutum ya cika kwanakin hutunsa layinsa zai koma kore, in bai cika ba ja, kuma don sauri ba ya rubuta kwanan wata da hannu, maɓallin Ctrl yake dannawa tare da na alamar semikolon (;). Sai Excel ya saka ranar da kwamfuta ta ce yau ce. Kun ga inda matsalar take. Duk wanda aka shigar a ranar da agogon ya rikice, fayil ɗin gani yake shekaru ke nan rabonsa da ba da jini, da agogo ya dawo daidai sai layinsa ya yi kore shar. Haka muka kira wani bawan Allah ɗan adaidaita sahu sati biyar kacal bayan ya bayar, shi kuma irin mutanen nan ne da ba sa iya cewa a'a, ya ajiye aikinsa ya zo, Allah ya sa a lab sai sun duba PCV, wato awon ko mutum na da isasshen jini, kafin su ɗiba, suka ga bai kai ba suka sallame shi, ma'aikaciyar ta yi mana faɗa sosai kuma da gaskiyarta. Sakatare ya kwana biyu yana bin layi ɗaya-ɗaya yana gyarawa, a satin nait, da rana, lokacin da ya kamata a ce yana bacci.

Bayan wannan ne ya kawo maganar a taro, a kunyace, ya ce kwamfutar fa tana ba shi wahala, har ta fara wani ƙara ƙas-ƙas-ƙas in ana kunna ta kuma sai ta yi minti goma kafin ta buɗe, ko ƙungiya za ta taimaka da kuɗin batir. Aka juyo aka kalle ni. Na ce abin da ke asusu na kuɗin motar masu zuwa ba da jini ne da lemon da ake saya musu, a bari sai bayan sallah. Wani ya ce ai aikin Allah ne sai haƙuri, wani ya ce a yi mata fomatin kawai za ta warke. Aka shafa fatiha aka tashi. Sallah ta zo ta wuce, babbar ma ta zo ta wuce, ni ban tuna ba shi kuma bai sake tayarwa ba. Wannan ƙas-ƙas ɗin kuwa kukan had dis ne, faifan da ke ciki na juyawa sau dubbai a minti ɗaya, allura na karatu a kansa, kullum ana yanke masa wuta yana tsaka da rubutu, ga jijjiga a jaka cikin adaidaita kan titi mai ramuka, ai dole wata rana ya ce ya gaji.

Ranar ta zo ne a ƙarshen Oktoban 2024, cikin kwanakin nan da arewa ta yi a duhu, layin wutar Shiroro zuwa Kaduna an lalata shi, na Ugwuaji zuwa Apir da ake lallaɓawa da shi shi ma ya faɗi, jihohi da yawa suka haura mako ba wuta, ga fetur ya wuce naira 1,000 a lita ba kowa ke iya tada janareta ba. Wajen sha biyun dare Anti ta kira ni, ta ce ta kira sakatare ya fi sau goma ba ya ɗagawa, akwai wata mata ta haihu jini ya ɓalle mata, O nagatif ce, asibitin leda ɗaya suke da ita an riga an ɗaura, ana neman ƙari yanzu yanzu. Masu nagatif a ƙasar nan ba su kai 1 cikin 10 ba duk rukunan a haɗe, kuma mai O nagatif irin nata take buƙata, dangin mijin sun zo su kusan takwas duk ba wanda ya dace. Na ce Anti ai yana nait, wayarsa na loka. Ta ce to wa ke da lis ɗin? Na yi shiru.

Na hau babur na tafi gidansu, na yi ta sallama har mahaifiyarsa ta fito da tocila. Na ce Umma ki gafarce ni, kwamfutar yaron nan nake so, rai ne a asibiti. Ta ce ɗan nan shiga ka ɗauka, ga ta can ƙarƙashin filo, Allah ya ba ta lafiya. Na ɗauko, sai a soro na tuna ai ba batir a ciki kuma ba wuta a garin. Akwai mai cajin waya a bakin titinsu da ke kwana da janareta a kwanakin, layin wayoyi a gabansa sun fi ɗari, na roƙe shi ya cire min soket ɗaya, na jona, na karkata wayar cajar yadda na ga yana yi, na danna. Fanka ta yi ƙara, ƙas-ƙas ɗin nan ya biyo baya, sai baƙin sikirin da ɗan farin rubutu wai ba ta ga had dis ba. Na kashe na kunna ya kai sau bakwai, mai cajin ma ya karɓa ya ɗan bubbuga ta a gefe, ya ce maigida wannan fa ta tafi. Kuma ko da ta tashi ma, sai daga baya na tuna, ban san faswod ɗin ba.

Daga nan na miƙa Sharaɗa. Baba maigadi ya ce ba a fito da ma'aikaci sai lokacin hutu ƙarfe biyu, na yi masa bayani, dattijon kirki, ya aika yaro ya faɗa wa sufabaiza, aka ba shi minti biyar. Ya fito da kayan aiki jikinsa duk warin roba, ido jajur, na faɗa masa, ya dafe kai ya ce Yaya O nagatif mutum shida ne da mu, bari in tuno. Ya tuno huɗu da ka, biyu daga ciki lambobinsu na cikin wayarsa, ya ruga loka ya ɗauko. Na farko a kashe, na biyu a kashe, kowa ba caji, garin duk haka yake. Ta uku mace ce kuma ya ce bai fi wata biyu da ta bayar ba. Na huɗu ya san sunansa ya san fuskarsa amma lamba da unguwa suna cikin fayil. Sufabaiza ya leƙo, ya koma ciki yana waiwaye.

Littafin Anti mai bangon kwali shi ya fitar da mu. Ta kira gida aka tashi 'yarta, yarinyar ta haska da fitilar waya tana karanto tsofaffin shafuka, aka ci karo da sunan na huɗun, an rubuta a gefe da jan biro wai mai shayi ne a kusa da wata tasha. Lambar da ke littafin ta daina aiki, amma mai shayi ai ba ya ɓuya da dare, na je na same shi yana soya indomi, ya bar wa yaronsa teburin ya hau bayana. Wajen uku da rabi aka ɗebi jininsa bayan gwaje-gwaje. Matar ta rayu, alhamdu lillahi, amma Anti ta ce min awa ukun nan da muka ɓata da a ce jinin bai lafa da magani ba da wani labarin ake yi.

Taron da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Ciyaman, wanda mutumin kirki ne amma yana da saurin hawa, ya ce wannan sakaci ne, ta yaya za a ce amanar mutane sama da ɗari uku tana hannunka ba ka ajiye kwafi ko a filash ba. Wani ya ce kuma ya kamata sakatare ya zama wayarsa a kunne take kowane lokaci. Yaron bai ce komai ba har aka gama, sai ya ce Malam ku yi haƙuri, filash ina da shi, na ba wani a cikinmu ya kai a buga takardar gayyata bai dawo min da shi ba, waya kuma in na shiga da ita wajen inji korata za a yi, in akwai wanda zai karɓa ni na sauka. Ba wanda ya ɗaga hannu. Anti ce ta ce an bar jaki ana dukan taiki, ta juyo ta kalle ni ta ce ma'aji nawa ne kuɗin batirin da ya roƙa? Na faɗa. Ta ce nawa muka kashe wajen buga bana da rigunan 14 ga Yuni na ranar masu ba da jini ta duniya? Shi ma na faɗa, ya ninka na batirin.

Ni a ganina ciyaman bai yi ƙarya ba, ya kamata a ce akwai kwafi, kuma yaron ya san da Google Drive da giga 15 ɗin da suke bayarwa kyauta, ya yi ta cewa sai ya gama gyara fayil ɗin tukuna zai ɗora. Amma mutumin da ke yin wannan aikin tsakanin bacci awa huɗu da komawa kan inji, da datar aljihunsa, da na'urar da sai an danne ta da littafi, kullum abin da ke gabansa shi ne ya samu ya shigar da na yau kafin a ɗauke wuta. Mu kuma da yake aikin na zuwa mana kyauta ba mu taɓa lissafa cewa wani ke biya ba. Kuɗin lemo da na mota muna gani don a hannu ake miƙa su, batirinsa da cajarsa da baccinsa da musanyen duti da yake roƙon abokan aiki ya rama musu ranar hutunsa don ya halarci taronmu, waɗannan ba su taɓa shiga littafina ba.

Washegari ni na kai ta wajen gyara da kaina. Injiniyan ya ciro had dis ɗin ya saka a wani ɗan akwati ya jona da tasa kwamfutar, ya kara a kunne, ya ce oga wannan allurar ce ta lalace, ni ba zan iya ba, masu iyawa sai sun buɗe shi a ɗaki na musamman mara ƙura kuma kuɗin zai sayi irin laftof ɗin nan har da canji. Hotunan bikin yayarsa, satifiket ɗinsa da ya yi sikanin, da wani kwas da yake bi a hankali, duk sun tafi tare da fayil ɗinmu, kuma a taron nan ba wanda ya yi masa jaje a kan nasa. Abin da ya cece mu shi ne watanni bakwai kafin nan ciyaman ya taɓa cewa a turo masa lis ɗin zai nuna wa wani, aka tura masa ta WhatsApp, ko buɗewa bai yi ba, yana nan a wayarsa. Daga wannan tsohon kwafin, da littafin Anti, da bin saƙonnin guruf ɗaya bayan ɗaya muna neman inda aka rubuta wane ya bayar yau Allah ya saka, muka sake gina shi, mu huɗu, kusan sati uku. Wasu sunayen har yau ba su dawo ba.

An yi maganar sayen wata. To dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan kwamfuta kuma duk da dala ake shigo da su, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne, ku yi lissafin da kanku. Injiniyan ya ce bod ɗinta lafiya lau yake, a sa mata SSD giga 256 a madadin had dis, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa balle jijjiga ta dame shi, a ƙara RAM ya zama 8, sabon batir, caja mai kyau, a wanke fanka a canza man da ke kan ƙwaƙwalwar, sai ɗan batirin agogon nan da kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa ba. Ya kuma faɗa mana gaskiya cewa Windows 11 a ƙa'ida daga ƙarni na 8 yake farawa, Windows 10 kuma Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa masa, don haka gyaran na ɗan lokaci ne. Muka yi karo-karo aka gyara. Yanzu cikin sakan ashirin take buɗewa, ranar farko yaron kashewa ya dinga yi yana kunnawa yana dariya.

Fayil ɗin ya koma Google Sheets, ana buɗe shi ta waya. Nan ma sai da aka yi gardama, wasu suka ce a saka shi a guruf kowa ya gani, matan cikinmu suka ce sam, lambobinsu da unguwanninsu ba za su yi yawo a wayar maza sama da ɗari ba, kuma suna da hujja, dama akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a Yunin 2023 wadda ta ɗauki bayanin lafiyar mutum a matsayin abu mai buƙatar tsaro na musamman. Aka tsaya a mutum uku, shi da ni da Anti. Masu nagatif kuma, da yake ba su da yawa kuma su ake nema a gigice, an buga su a takarda da kwatancen gida da sana'a da lambar wani na kusa da su, kwafi ɗaya a gidana ɗaya a jakar Anti, don daren nan ya nuna mana ranar da ba wuta wayar mai ba da jinin ma a mace take. Sannan duk ranar Lahadi yana turo jadawalin dutinsa, satin da yake nait ni ke ɗaukar kira da dare, Anti da safe, an rubuta an manna a saman guruf.

Wata biyu tsarin ya yi yana tafiya daidai. Daga nan ni na yi tafiya Zariya sati guda na manta ban faɗa ba, Anti aka mayar da ita nait ita ma, mutane kuma lambarsa suka haddace tun shekaru, ko an rubuta a saman guruf ba sa dubawa. Satin da ya wuce yana nait, na biya gidansu wajen sha ɗaya na safe in ajiye masa rasit, Umma ta ce yanzu ya samu ya kwanta, ina tsaye a soro na ji wayarsa na ruri a ɗaki, na ji ya ɗaga da muryar bacci yana cewa na'am Malam, B fozitif ko, to bari in duba. Ciyaman ne. Na ciro tawa wayar na duba, tana kunne, ba kira ko ɗaya.